Alhakin Harsashi: Na Mai Harbi Ne Kaɗai, Ko Har da Mai Haɗawa?

Wata gardama ce da ta sarƙe tsakanina da wani abokina a ɗakin kwananmu ta jawo wannan rubutu. Wata rana da dare bayan mun dawo daga ɗakin karatu, sai ya nuna mini hoton wani dattijo Ba'amurke zaune a bayan gidansa, gabansa ga wata 'yar na'ura ɗaure a jikin tebur, yana haɗa harsasai ɗaya bayan ɗaya cikin natsuwa, kamar yadda mai ɗinkin hula ya ke zama da allurarsa. Abokin nawa, wanda ke karatun injiniya, ya ce abin ya burge shi, don a ganinsa wannan shi ne dogaro da kai, kuma da ya sami hali da ya koya. Na ce masa ni kuwa abin tsoro ya ba ni. Ya yi dariya ya ce, "Haba malam, sana'a ce fa kamar kowace sana'a. In an yi ɓarna da harsashi, ai a tambayi wanda ya ja kunama." Muka yi ta ja-in-ja har aka ɗauke wuta, kowa ya kwanta da nasa ra'ayi.

To, tun daga ran nan maganar ba ta bar raina ba. Shi ya sa na kawo ta gaban 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu, ko a sami wanda zai ƙara mana haske. Tambayar ita ce: mutumin da ya zauna a gidansa ya haɗa harsashi da hannunsa, shin yana da rabo a cikin abin da harsashin nan zai je ya aikata, ko kuwa alhakinsa ya ƙare daga lokacin da ya ajiye shi?

Kafin mu yanke hukunci, ya kamata mu san al'adar a inda ta ke. A Amurka haɗa harsashi a gida tsohuwar ɗabi'a ce ta maharba da masu gasar harbi. Mutum ya kan tsince kwanson harsashin da ya harba, ya sake cika shi ya mayar da shi sabo, maimakon ya jefar ya sayi wani. Akwai kamfanoni irin su Lee da Lyman da RCBS da ke sayar da kayan wannan aiki a fili, har da littattafan koyarwa. Masu yi suna da dalilansu. Wasu tsimi su ke yi, don kwanson tagulla shi ne mafi tsada a jikin harsashi, kuma ana iya sake amfani da shi. Wasu kuwa so su ke su sami harsashin da ya dace da bindigarsu sosai domin saiti. Wasu kuma ƙarancin harsashi a kasuwa ne ya tura su, kamar yadda aka yi a shekarar 2013 da kuma 2020. Dokar tarayyar ƙasar ba ta neman lasisi daga wanda ke haɗawa domin amfanin kansa, amma wanda zai mai da abin sana'ar sayarwa tilas ya nemi izini, bisa dokar makamai ta 1968. Tushen wannan sassauci kuwa shi ne gyara na biyu da aka yi wa tsarin mulkinsu a 1791, wanda ya ba ɗan ƙasa 'yancin riƙe makami.

Gaskiya ce a faɗa, galibin masu wannan ɗabi'a ba su taɓa harbin kowa ba, kuma har su mutu ba za su harba ba. Barewa su ke harbi, ko allon gwaji. Saboda haka duk wanda zai ce su miyagu ne ya zalunce su, kuma ba nufina ke nan ba.

Bari in fara da hujjar abokina, in ba ta haƙƙinta, don ba ƙaramar hujja ba ce. Cewa ya yi kayan aiki ba su da niyya. Wuƙar da mahauci ke fiɗa da ita, ita ce ɗan daba ke ɗauka, ba mu kuwa taɓa jin an kai maƙeri gaban alƙali don an soki wani da wuƙar da ya ƙera ba. In muka ce mai ƙera abu yana da laifin duk abin da aka yi da shi, to, mai tufka igiya ma ya shiga uku, haka mai sayar da ashana da mai sayar da fetur. Rayuwa ba za ta yiwu haka ba. Daɗin daɗawa, Alƙur'ani mai girma ya ba mu labarin Annabi Dawuda, Alaihis Salamu, wanda Allah Ya tausasa masa baƙin ƙarfe, Ya koya masa ƙera sulke, Ya kuma ambaci wannan a cikin ni'imomin da ya kamata a gode wa. Ashe ke nan aikin ƙarfe domin yaƙi ba abin ƙyama ba ne a kan kansa.

Abokin nawa ya kuma jawo tarihi, kuma nan ne ya fi samun galaba a kaina. Ya tuna mini cewa a 1890 ƙasashen Turai sun ƙulla yarjejeniya a birnin Burasal, suka taƙaita sayar wa mutanen Afirka bindigogin zamani. Bayan shekara goma sha uku, watau a 1903, sojojin Ingila suka ci Kano da Sakkwato, suka kuma gama da Sarkin Musulmi Attahiru da jama'arsa a Burmi, alhali su suna riƙe da bindiga mai ruwa irin ta Maxim, namu kuwa galibi na riƙe da mashi da takobi da kwari da baka. Ya ce Sarkin Damagaram Tanimun ya hango wannan tun a ƙarni na 19, shi ya sa ya sa aka riƙa haɗa albarushi da ƙera igwa a garinsa. Ya ƙara da cewa a yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970, da aka toshe wa Biyafara hanyoyi, masananta ne suka ƙera mata makamai a gida, har da wanda a ke kira Ogbunigwe. A ƙarshe ya ce al'ummar da ba ta iya yin makaminta, baiwar wadda ta iya ce.

Duk na yarda da wannan. Amma fa ina ganin akwai wurare uku da hujjar ke yoyo.

Na farko, wuƙa da harsashi ba ɗaya ba ne. Wuƙa tana da aiki ɗari, ɗaya daga ciki ne kawai ɓarna. Da ita a ke yanka albasa, a ke fere rogo, a ke gyara alƙalami, a ke yanka ragon suna. Harsashi kuwa aikinsa ɗaya ne tak, watau ya huda abin da ya tarar. Ko da allon gwaji a ka harba, gwajin wannan aiki ɗin a ke yi. Hausawa sun ce wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Mai ƙera wuƙa yana iya cewa bai san me za a yi da ita ba, amma mai haɗa harsashi ya san me zai yi, abin da bai sani ba kawai shi ne jikin wa zai shiga. Sulken Annabi Dawuda ma, in muka lura, kariya ce ga jikin mai sanye da shi, ba ya tashi ya bi kowa.

Na biyu, harsashi ba ya zama inda aka ajiye shi. Ƙarami ne, yana shiga aljihu, yana daɗewa bai lalace ba, kuma ba ya ɗauke da sunan mai shi. Mutum zai haɗa domin kansa, sannan aboki ya roƙa ya ba shi kaɗan, sannan wani ya ce zai saya, daga nan sai sha'awa ta zama ciniki ba tare da mutum ya lura da ranar da ya ƙetare iyaka ba. Akwai misali a kan wannan wanda ya kamata kowa ya yi wa tunani. Ran 1 ga Oktoba, 2017, wani mutum ya buɗe wuta daga hawa na 32 na wani otal a birnin Las Begas a kan taron masu kallon kiɗa, ya kashe mutum 58, wasu biyu kuma suka cika daga baya saboda raunukansu. Da masu bincike suka shiga ɗakinsa, sai suka sami zanen yatsun wani mutum dabam a jikin wasu harsasan da ba a harba ba. Mutumin injiniya ne a jihar Arizona, mai haɗa harsasai a gidansa yana sayarwa ba da lasisi ba. Ba a tuhume shi da sanin shirin kisan ba, shi ma ya ce bai ga wata alamar mugunta a tare da mai sayen ba. Duk da haka a 2019 ya amsa laifin ƙera harsasai ba da izini ba, a 2020 kuma aka ɗaure shi wata 13.

To, jama'a, mu bar hukuncin kotu a gefe, mu tambayi zuciya. Wannan mutum bai harbi kowa ba, bai yi nufin a harbi kowa ba. Amma wa zai so ya zama shi? Wa zai iya barci da sanin cewa yatsunsa na cikin ɗakin nan? In da gaske ne alhaki na mai jan kunama ne shi kaɗai, da bai kamata mu ji masa komai ba. Abin nan da mu ke ji a ranmu game da shi, shi ne shaidar cewa akwai wani nau'in nauyi wanda bai kai na mai kisa ba, amma kuma ba a ce babu shi ba.

Ba ƙananan mutane kaɗai wannan nauyi ke dannewa ba. Mika'il Kalashnikof, wanda ya ƙirƙiro bindigar AK-47, ya shafe shekaru yana cewa domin kare ƙasarsa ya yi ta, laifin kuwa na 'yan siyasa ne. Dalilinsa mai ƙarfi ne, don shi kansa an ji masa rauni a yaƙi da Jamusawa a 1941. Amma da ajali ya matso, sai ya rubuta wa shugaban cocin Rasha wasiƙa yana bayyana azabar da ransa ke ciki, yana tambaya ko yana da alhakin rayukan da bindigarsa ta ɗauka. Ya rasu a watan Disamba na 2013 yana da shekara 94, aka buga wasiƙar a watan Janairu na 2014. Mutum ne da ƙasarsa ta lulluɓe shi da lambobin girma, amma amsar da ya daɗe yana ba 'yan jarida ba ta ishe shi ba ranar da ya keɓe da kansa.

Na uku, ɓarnar ba ta jiran sai an harba. Mai wannan aiki ya shigo da albarushi cikin gidan da a ke hura wuta, ya shigo da dalma cikin gidan da yara ke rarrafe. Mu a nan ba ma bukatar a ba mu labarin gubar dalma. A 2010 yara fiye da 400 suka mutu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, saboda ana daka duwatsun zinariya masu ɗauke da dalma a cikin gidaje. Iyayen nan ba mugunta suka nufa ba, abinci su ke nema. Sai dai dalma ba ta san niyya ba. Mutum na iya cewa ya yarda ya ɗauki kasada da ransa, amma matarsa da 'ya'yansa da maƙwabcin da ke bayan katanga wa ya shawarce su?

A nan ne na ke ganin malaman fiƙihu sun riga mu nisa a wannan tunani. Sun yi magana a kan mai sayar da inabi ga wanda ya san giya zai yi da shi, da mai sayar da makami a lokacin fitina. Malikawa sun hana irin wannan ciniki bisa ƙa'idar toshe kafa, watau a hana abin da asalinsa halal ne idan galibin zato ya nuna zai kai ga haram, suna kafa hujja da hanin da ya zo a Suratul Ma'ida game da taimakekeniya a kan saɓo da zalunci. Malaman Hanafiyya kuwa sun yi wani bambanci mai ban sha'awa. Sun karhanta sayar wa 'yan fitina makami, amma ba su karhanta sayar musu da baƙin ƙarfe ba, domin ƙarfe ba ya zama makami sai an yi masa aiki. To, mu dubi inda mai haɗa harsashi ya tsaya a cikin wannan bayani. Tagulla da dalma da albarushi, kowanne a warwatse ba ya harbin kowa. Shi ne mutumin da ke yin wannan aiki na ƙarshe da ke mai da su abin kisa. Watau a kan iyakar da malaman suka shata ya ke zaune, kuma hannunsa ne ke ƙetarar da kaya daga wannan gefe zuwa wancan.

Abin da na fahimta daga wannan shi ne, hukuncin ba ya rataya ga niyya ita kaɗai. Ana duba niyyar mai yi, ana duba abin da ya sani ko ya kamata ya sani game da inda kayan za su, ana kuma duba zamani da wurin da ya ke. Aiki ɗaya na iya zama halal a wannan gari ya zama ɓarna a wancan. Dattijon nan na cikin hoto yana ƙasar da doka ta yarda masa, yana da wurin ajiya, yana farautar barewa a lokacin da aka ƙayyade. In ya tsaya ga kansa, ya kiyaye iyalinsa, bai ba wanda bai sani ba, ni ba ni da bakin zarginsa, ko da ya ke ƙasar tasa ma tana kuka da yawan kashe-kashen bindiga. Amma abokina ba a can ya ke ba. A Nijeriya dokar makamai ta 1959 ta hana ƙera bindiga ko harsashi ba da izinin hukuma ba, kuma tun 1964 aka kafa masana'antar makamai ta gwamnati a Kaduna domin wannan aiki. Ƙasashen Afirka ta Yamma sun kuma sa hannu a yarjejeniyar taƙaita ƙananan makamai a 2006. Ko da ma babu doka, ai idonmu ya ga abin da yaɗuwar makami ta yi wa ƙauyukan Zamfara da Katsina da Sakkwato da Birnin Gwari. In wannan ba shi ne lokacin fitinar da malamai ke nufi ba, ban san wanne ne ba.

Na san abin da mai karatu zai ce, don abokina ma ya faɗa, kuma ita ce magana mafi nauyi a cikin gardamar duka. Zai ce: kana zaune a jami'a cikin katanga kana wa'azi. Manomin da aka kore masa shanu, aka sace masa 'ya, ya kira hukuma ba ta zo ba, shi ma za ka ce masa ya naɗe hannu? Wallahi ba ni da fuskar da zan kalli wannan mutum in kira shi mai laifi. Kare rai da iyali haƙƙi ne da addini da hankali suka tabbatar, kuma in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari: hukumar da ta hana mutum makami sannan ta kasa tsare shi ta ɗauki kaso mafi girma na alhakin. Amma uzurin wanda wuta ta ci gidansa dabam, shawarar da za a ba al'umma dabam. Mun ga yadda ƙungiyoyin sa-kai suka fara da kare gari, sannan a wasu wurare aka shiga kashe mutum saboda ƙabilarsa ko saboda zargi, 'yan'uwansa kuma suka shiga daji suka dawo da ramuwa. Makamin da aka tanada domin ɓarawo, shi a ke ɗaukowa ranar rikicin gona da ranar zaɓe. Misalan da abokina ya kawo ma, na Damagaram da na Biyafara, duk aikin hukuma ne mai shugaba da rumbun ajiya da wanda za a tambaya. Ba kowa ne ke yi a ɗakinsa ba.

Kakana maƙeri ne, kuma ya kan gyara wa maharban garinmu bindigoginsu na toka. Ina yaro na ga wani baƙo ya zo maƙerarsa da bindiga a naɗe cikin buhu, ya ajiye kuɗi masu kauri. Kaka ya dube shi ya ce, "Samari, ɗan gidan wa ne kai? Wa ye sarkin bakanku?" Baƙon ya kama kame-kame. Kaka ya tura masa kuɗinsa ya ce, "Yi haƙuri, yau ban hura wutar wannan aiki ba." Da ya tafi na ce, "Kaka, ai ga wuta nan tana ci." Ya ce, "Ta fartanya ce." A lokacin ban gane ba. Yanzu na gane cewa tsohon nan, wanda bai taɓa jin sunan Kalashnikof ba, ya ɗauki tambayar wa zai riƙe abin da ya ƙera a matsayin wani ɓangare na sana'ar kanta, daidai da sanin zafin ƙarfe. Ya iya yin haka ne don ya san kowane maharbi da ubansa, da dajin da ya ke shiga. Mai haɗa harsashi a yau ba shi da wannan gata, domin kayansa na iya yin tafiyar da shi bai taɓa yi ba.

Saboda haka amsata ga abokina ita ce: gaskiyarka, mai jan kunama shi ne mai kisa, kuma ba wanda zai sauke masa wannan kaya. Amma alhaki ba tuwo ba ne da in wani ya ɗebi babbar loma na sauran zai ragu. Mai harbi na ɗauke da nasa cikakke, mai haɗawa kuma na ɗauke da nasa gwargwadon abin da ya sani da abin da ya yi sakaci a kai.

Wannan magana ta fi shafarmu mu ɗalibai, musamman masu karatun kimiyyar haɗa magunguna da injiniya. Ilmin da mu ke nema zai sa hannuwanmu su iya abubuwa da yawa, kuma za a zo mana da kuɗi a naɗe cikin buhu kamar yadda aka zo wa kakana. Wanda ke sha'awar wannan fanni da gaske, ƙofar halal a buɗe ta ke, ya bi ta hanyar soja ko masana'antar gwamnati, inda akwai doka da lissafi. Wanda kuwa dogaro da kai ne ya burge shi, ƙasar nan na jiran mai ƙera injin ban-ruwa da na casar shinkafa da kayan asibiti. Ni dai ra'ayina ke nan, kuma abokin nawa ya yi alkawarin zai kawo martani a fitowa ta gaba. Ina roƙon malamanmu na fiƙihu da na falsafa su gyara mini inda na karkace. Allah Ya ba ƙasarmu zaman lafiya, Ya tsare hannuwanmu daga jinin bayinSa, amin.